Gonakin Tsakani

Na dawo daga Dutse da takarda mai gida-gida,
gonakin ƙauyenmu ɗari da arba'in da bakwai,
kowace na ba ta layinta.
A sama tambayoyi goma sha ɗaya:
laka ce ko jigawa,
taku nawa zuwa bakin kogi,
kacalla ta toshe magudana ko ba ta toshe ba,
me aka shuka, kwana nawa ga damina.
Gidan ƙarshe amsa ɗaya tak:
ruwa ya ci, ko ruwa ya bari.

Malamina ya ce, zana da'ira biyu.
Ƙarama a ciki, waɗanda tabbas ruwa zai ci.
Babba a waje, waɗanda ruwa ka iya ci.
Abin da ya maƙale tsakaninsu
kada ka tura shi ciki, kada ka kore shi waje.
Nan saninka ya tsaya, rubuta haka, kar ka ji kunya.

Kwana uku ina zauren Baba Cindo,
kwamfuta na mutuwa, ina kai ta caji wurin Ilu mai janareta.
Sittin da biyu suka faɗa ƙaramar da'ira.
Hamsin da ɗaya suka tsira can tudu.
Talatin da huɗu suka ƙi ci, suka ƙi cinyewa.

Dubi gonar Ladidi da ta Barau.
A takardata tagwaye ne,
ƙasa ɗaya, iri ɗaya, taku ɗaya zuwa ruwa.
Amma bara Barau ya ɗinke buhu tara,
Ladidi ta shiga tata da kwalekwale.

Baba Cindo bai yi boko ba.
Ya ce, karanto min sunayen talatin da huɗun nan.
Ina karantawa yana gyaɗa kai
kamar mai jin sunayen dangi.
Ya ce, ai waɗannan gonakin tsakani ne, yaro.
Tun kafin a haifi ubanka
mai gona a nan ba ya ba damina amana duka:
shinkafa a gangare, dawa a kan tudu,
wadda ta rayu ita ce rabo.

Na ce, lissafi ya kuma nuna
tambaya uku sun wadatar, takwas nauyi ne kawai.
Ya ce, sheƙa ke nan.
Wata huɗu kana yawon rana
don ka raba tsaba da ƙaiƙayi?
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Da asuba ya tashe ni, muka bi jinga.
Sauro, raɓa, kukan kwaɗi.
Daidai gonar Ladidi ya tsaya,
ya soka sandarsa, ta nutse har rabi.
Ramin gafiya.
Ta nan Agusta ya shigo mata, ba sallama.

Na koma na buɗe gida na goma sha biyu,
na ba gafiya matsayi a binciken jami'a.
Tagwaye suka rabu.
Talatin da huɗu suka koma ashirin da tara.
Biyar kacal! Na so su ƙare,
amma kogin Haɗejiya bai taɓa cika wa kowa takarda ba.

Da dare Inna tana tsince iri a faifai,
fitila na rawa, ba ta ɗago ba ta ce,
to mu fa, ina na'urarka ta sa mu?

Na duba, ko da yake na sani.
Layi na tamanin da shida, sunan marigayi babana,
ban iya canza shi ba.
Na ce, Inna, muna tsakani.

Ba ta ce komai ba.
Ta yagi tsohon zane gida biyu,
ta ƙulle shinkafa a ɗaya,
ta ƙulle dawa a ɗaya,
ta ce in rataye su nesa da ɓera.