Iyakar Dutse

Wata uku ina zaune gaban allo,
a ɗaki mai warin koren shayi da jiƙaƙƙen takalmi,
ina bin gefen kowane dutse da alƙalamin lantarki
kamar mai shata gona tsakanin magada:
nan naka ya ƙare, nan na ɗan'uwanka ya soma.
Haka ake koya wa na'ura gani.
Ba ta san ganuwa ba,
ba ta san cewa a kudancin Japan take ba,
ɗigo-ɗigon haske kawai ake miƙa mata,
ni ke cewa: wannan dutse, wannan rata, wannan gansakuka.

Ranar da na sake ta ita kaɗai
ta ga inuwar reshen ceri ta ce tsaga ce,
ta shafe kyanwar mai gadi da launin toka,
har ta ba ta lamba.
Tsoho Hayasaka ya yi dariya sai da ya nemi wurin zama.

Shekara hamsin da ɗaya yana jinyar wannan garu,
da 'yar guduma mai ƙota ta sha hannu.
Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya yi shiru.
"Chisato," in ji shi, "dutse ba da ido ake jin ciwonsa ba."
Ban ja da shi ba.
Na koma na ci gaba da zane,
dubu huɗu da ɗari da goma sha bakwai,
kowanne da rigarsa: ja, shuɗi, ruwan ƙwai.

Sai ruwan watan Yuni ya sauko
kwana tara bai ɗaga ba.
Da ya tsagaita muka tada ƙaramin jirgi marar matuƙi,
ya haye gwalalo yana kukan sauro,
ya dawo da hotuna.
Na ɗora na yau a kan na bara.
Ko'ina layi ya hau layi, sai kusurwar arewa,
sahu na goma sha tara,
can inda gwiwar tsoho ta daina kai shi tun shekara shida:
duwatsu goma sha ɗaya sun turo gaba
da kaurin ɗan yatsa.
Ganuwa ta sha ruwa ta yi ciki,
nawa cikin kuma ya ɗuri ruwa.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Bai yi dariya ba.
"A kafa min abin hawa."

Mutum biyu suka riƙe shi har sama.
Bugu ɗaya ya yi.
Daga ƙasa ma mun ji amon,
irin na tukunyar da babu kome a ciki.
Da ya sauko ya tsaya gaban kwamfutata
ya ɗan rusuna mata, kaɗan dai, ba da yawa ba.

Da kaka aka sauke su ɗaya bayan ɗaya,
aka jera kan ciyawa, kowanne da lambarsa a goshi
kamar masu jiran likita.
A bayan na bakwai muka tarar da tambarin magini,
da'ira da zane uku,
shekara ɗari huɗu fuskarsa na cikin duhu.
Na'ura ba ta da launin da za ta ba wannan.
Tsoho ya ɗora tafin hannu a kai ya daɗe.

Kuskure ɗaya ya rage mata har yau.
Can ƙasa, bakin ruwa, akwai duwatsu biyu
da take zagaye su da layi guda.
Sau bakwai na raba su, sau bakwai ta haɗa.
Na nuna masa ina tsaki.
Shi da tun rasuwar matarsa
ba ya doguwar magana,
ya dubi allon, ya dubi bakin ruwan.

"Tun kafin kakan kakana suke jingine da juna," ya ce,
"ke ce kaɗai kike ganin tsakaninsu."

Na ajiye alƙalamin.
A rahoto dai, biyu na rubuta.