Ƙararrawar Bajimi

Sha ɗayan dare a Ƙauran Namoda,
shagon cajin waya na Shafi'u, ƙofa a rufe.
Janareto na tari, gilashin kwamfutar gwanjo
ya tsage a gefe kamar faso.

Na rubuta wa manhaja mai ƙirƙirarriyar basira:
ba ni kiɗan fonk, mai nauyin gindi,
wanda zai bi ta ƙirji kafin ya kai kunne.
Shayina bai huce ba ta zubo takwas,
kowanne a wanke, a goge,
kamar yadin da bai san gumi ba.

Na ce ƙara ƙasa. Ta ƙara.
Na ce sa masa tsatsa, ya yi gurnani
irin na jirgin da kakata ke cewa
tun daga nesa yake motsa ruwan randa.
Sifika ta kama rawar ɗari,
wayoyin mutane suna tafiya a kan katako.

Sai ta ɗora ƙararrawar shanu a sama,
wai haka ake yi.
Na saurara sau uku.
Wannan ƙarfen bai taɓa kwana a wuyan bajimi ba.

Na lallaɓa gida, ƙarƙashin gadon Baba,
na zaro abin da ya rage na garke, ƙunshe a tsumma
tun daren da aka kora su daji.
Na kaɗa gaban makirfo, sau ɗaya tak.

Manhaja ta ce akwai hayaniya, a share?
Na ce bar ta.
Shafi'u bai tanka ba. Ya tashi ya ƙara fetur.