Ba Ni Ba Ne Haladu

Ladanin Ƙofar Doka bai sauke assalatu ba
suka buga ƙyauren shagona.
Ina tsugune, buta a hannu.

Kofur ya ce, "Ina Haladu?"
Na ce, "Ni ma kwana tara ke nan ina cigiyarsa."
Ya ce, "To, kai za ka bi mu,
ka zauna mana a caji ofis
har ɗanka ya gaji da ɓuya."

Na ajiye buta.
Shekara ashirin da shida na ɗauki fayil
a kotun majistare, kafin na koma facin taya.
Kunnen masinja ba ya ritaya.

Na ce, "Yaro, ina warantinka?
In akwai, karanta sunan da ke ciki.
In babu, faɗi abin da idonka ya ga na yi,
ko hujjar da ta sa ka zarge ni, ni Tanimu.
Doka ba ta karɓar jinginar mutum.
Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Sajan ya daɗe yana kallon ankwa,
sannan ya mayar da ita ƙugu.
"Baba, in ya dawo..."
"In ya dawo, ni zan kawo shi,
da lauya, da rana tsaka."

Motarsu ta miƙa Tudun Wada.
Na sake alwala, hannu na rawa,
rabin ruwan a ƙasa.
Raka'a ɗaya na samu.
A sujada ban roƙa wa kaina komai ba.