Tsumma a Bakin Famfo

A Otago, inda tumaki suka fi mutane yawa,
tsohuwa Ngaire ta ɗaure bakin famfo da tsumma.
Wai fuloraid na cin ƙwaƙwalwa.
Dougal ne ya faɗa ta kan shinge,
shi ma a waya ya tsinta.

Ruwan gora take saye yanzu,
kuɗin fansho na tsiyayewa.

Jikarta Mereana, mai duba haƙoran 'yan makaranta,
ta zo ran Lahadi. Ba ta ja zance ba.
Ta kwance tsumman, ta cika kofi,
ta shanye a tsaye.

Ngaire ta kafa mata ido har la'asar,
tana jiran ta zube.
Yarinya sai wanke kwanuka take.

Da dare tsohuwa ta murɗa famfo,
ta fara ba kyanwa tukuna.