Kanarin Tsibirin Kubanni

Ruwan Kubanni bai gama farkawa ba
Nomau ya tura kwale-kwale.
Ina tsugune a tsakiya
da madubin hangen nesa na aro
mai tsaga a idon hagu.

Tudun da yake kira tsibiri
bai kai fegi ba:
gamba, farar ƙaya biyu,
da busasshen kashin shanun rani.

Kunne ya riga ido.
Wani siririn zaren murya
ana kaɗa shi, ana warwarewa,
a tsinke, a sake ƙullawa.

Na ce, gado ne.
Nomau ya ja tsaki:
"Gado surutu ya iya,
kuma ba ya tafiya sai da dangi."
Na ce, to ko bayin Allah?
"Haba Malam. Wancan ja ne,
gindin turmi yake kiwo."

Na yi shiru. Sauro ya ci rabonsa.
Ruwa ya jiƙa mini bakin wando.

Can wani reshe ya ɗan rusuna.
Na lalubo shi da idon dama:
ƙirji ruwan ɗorawa,
baya kamar ganyen da ya fara gajiya,
toka a tsakar ka,
gira rawaya,
baƙin zane a gefen baki
kamar wanzami ya yi masa tsaga.
Duk jikinsa bai cika tafin jariri ba,
amma maƙogwaron nan rawa yake.

Kanari.

Ai na san shi.
Shagon ɗinkin babana a Tudun Wada,
keji rataye a ƙusa,
acca a murfin gwangwani,
keken ɗinki na gudu, shi yana binsa da baki.
Shekara arba'in ban taɓa tambaya ba
daga ina aka kawo shi.
Na ɗauka a keji ake haifarsu.

Ashe yana da gari.
Ashe yana da reshen da ya zaɓa da kansa.

Nomau ya matso, ya rage murya:
"In kana so, akwai danƙo a jakata.
Kafin hantsi yana hannunka."

Na ce ya bari.
Na ciro biro, takardar ta jiƙe,
na rubuta a bayan hannuna:
Laraba, bakwai saura, namiji ɗaya.

Kafin in ɗago ya tashi,
ɗigon rawaya a gindin wutsiya,
ya yi wajen Samaru.
Reshen ya daɗe yana kaɗawa.