Takwas ko Uku

Shekara arba'in ba ɗaya tana hawan tudun Jos,
Fijon da Baba ya saya da kuɗin sallamar kamfanin kuza.
Bara, a hanyar Bukur,
ta yi tari uku, ta yi shiru.
Mudi ya ɗaga bonet a Farin Gada,
ya daɗe bai ce uffan ba,
sannan ya goge hannu a wando: "Sai dai haƙuri."

Muka gangara Dilimi.
Injuna jibge kamar kawunan shanu a mahauta.
Obinna ya shafa ɗaya:
"Daga jirgi sai nan. Ɗan Japan ne, ba ya shan mai."
Na zube adashen wata bakwai,
ya miƙo rasit mai tabon baƙin mai.

Sati uku Mudi na yanka, yana walda,
yana lallashin giya ta yarda da baƙo.
Ranar da ta tashi,
ko karen gareji bai ɗaga kai ba.

Amma titi da masu shi.
A ofishin Bi'ai'o, wata mai farin kaki,
Nanret aka rubuta a ƙirjinta,
ta haska tocila, ta kankare tsatsa da farce.
"Malam Ashiru, rasit ya ce takwas.
Ƙarfen nan ya ce uku."
Na leƙa. Na cire tabarau, na mayar.
Takwas ce tsatsa ta cinye mata gefe,
ko kuwa uku ce tun asali?
"Ban ce kai ɓarawo ba ne," in ji ta,
"amma injin sata ma haka yake tashi, lafiya lau."

Na koma Dilimi, Obinna ya tafi gida jana'iza,
yaronsa bai san inda takardar kwastan take ba.
Na je kotu na rantse
cewa ban tsinci injin nan a kwata ba.
Na biya hatimi, na biya hoto,
na biya mai buga takarda ya ɓata sunana,
na sake biya ya gyara.
Wani ya raɗa mini a bakin ƙofa:
"Kawo na goro, a kawar da kai."
Na tuna Baba, wanda ko biron ofis bai taɓa kawowa gida ba.
Na ce a'a.
Ƙafafuna dai sun so in ce to.

Zuwa na huɗu, da sanfefa da kananzir,
Mudi ya durƙusa ya goge har ƙarfe ya yi ƙyalli.
Takwas ce.
Dama can takwas ce.
Nanret ba ta yi ko murmushi ba.
"Taka birki. Danna hon. Sigina, hagu."
Hagu ta ƙi.
Ƙwan fitila na ɗari biyar
ya ƙara mini kwana biyu.

Ranar Alhamis hatimi ya sauka, tim.
Ta ja layi ɗaya da jan biro
a kan lambar da Baba ya haddace
fiye da ranar haihuwata,
ta rubuta sabuwa a ƙasa.
"Je ka. Ta cancanci hawa titi."

Na biyo ta Gangare, na haye tudu ban sauya giya ba.
A shingen 'yan sanda har na rage gudu,
ina Allah-Allah a tambaye ni takardu.
Ba wanda ya ɗaga hannu.

Ƙofar gida.
Shekara da shekaru, tun daga kwanar masallaci
Inna ke jiyo tarin nan,
ta ce, "A buɗe get, ga su nan."
Yau na zauna minti goma, takarda a cinya,
baƙon inji na numfashi kamar jariri mai barci.
Tsohon yana tsakar gida ƙarƙashin buhu,
kaza ta yi ƙwai a gindinsa.

Sai da na danna hon
ta turo jika
ya duba ko baƙi aka yi.