Sirdin Ƙarfe

Shekara talatin da ɗoriya ina bugun ƙusa a Majiya,
har kunnena na hagu ya daina jin kiran abinci.
Uku a gicciye, a lanƙwasa kan ta huɗu,
haka Barau ya koya min, haka na koyar.

Sai iskar farkon damina ta zo daren Laraba,
ta ɗauke rufin siton Hansai mai shinkafa,
ta kifar da shi a gonar gero, taku arba'in daga gini.
Da safe na je. Ba wanda ya ce min uffan,
gara ma a ce zagina aka yi.
Katako bai karye ba, kwano bai yage ba,
ƙusoshina ne suka zare sumul,
kamar gashin kaza a ruwan zafi.

Ilu, yaron da na kora sau biyu kan barcin rana,
ya dawo daga aikin gini a Dutse
da tsohon buhun siminti yana ƙara a kafaɗarsa.
Ya zazzage a gabana: 'yan sirada na ƙarfe,
kowanne da kunnuwa biyu, duk jikinsa huji.
Ya ce, Baba, katako a nan zai zauna,
ya daina rataya a bakin ƙusa.
Na ce, yaushe tubaifo ya koyi hawa?
Ya yi dariya yana kallon ƙasa.

Sukurorin ma ba baƙaƙen nan ba ne na ɗaure silin,
masu karyewa ƙas kamar karan dawa.
Kauri gare su, kai mai kusurwa shida,
daga Ƙofar Ruwa ya sayo, ɗaya kuɗin ƙusa goma.
Hansai ta ji farashi ta riƙe haɓa,
ta juya ta ƙirga buhunan da ruwa ya jiƙa,
sannan ta kwance bakin zane.

Asabar da hantsi muka hau.
Ni ke riƙe da igiyar awo, shi ke riƙe da inji,
ɗan abu mai batir da ya kwana a shagon cajin waya.
Ya zaunar da katako daram a gindin sirdi,
ko takarda ba ta samu wurin shiga ba.
Zirrr, ya tsaya.
Kar a matse har ƙarfe ya lotsa, in ji shi,
kar kuma a bar shi yana girgiza kai.
Na ce huji huɗu sun isa, a rage wa baiwar Allah asara.
Ya ce wanda ya huda goma ya san nauyin da ya lissafa.
Biyun ƙarshe a karkace suke shiga,
su ratsa ƙarami su kama babba ta ciki.

La'asar sakaliya batir ya mutu, saura sirdi shida.
Hannuna ya kai kan guduma ban aike shi ba.
Ilu ya dube ni.
Na sauko na sha ruwa, muka bar wa gobe.

Bayan sati uku iskar ta dawo neman saura.
Ina kwance ina jin kwanon ɗakina yana numfashi,
ina bin ƙusoshinsa ɗaya-ɗaya a cikin duhu,
uku a gicciye, ta huɗu a lanƙwashe,
ina roƙon kowacce ta rufa min asiri.
Daga masallacin asuba na zaga ta bayan sito.
Rufi na nan, ko gezau.
Rumfar awakina ce ta yi tafiya,
na same ta a kan dangar Maigoro.

Gudumata tana rataye, ban yi fushi da ita ba,
benci da ƙyaure suna nemanta har yanzu.
Ran kasuwar Gujungu dai na sayar da ɗan taure,
na ba Ilu kuɗin, ban faɗa masa na mene ne ba,
shi ma bai tambaya ba.

Akwai sukuru ɗaya a aljihuna,
wanda na tsinta a gindin tsani.
In ana hira a daƙali ina murza shi da babban yatsa,
farcena yana bin zarensa, zagaye, zagaye,
har a kira isha'i.